Na yi fim ɗin ban dariya, Yaya ya daina amsa gaisuwata

Autan Garin Malam:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana huɗu ke nan rabona da barcin kirki.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna nan Damagaram. Tun bara ni da 'yan fadarmu muke cewa mu ma mu yi namu fim, don kullum sai dai mu tasa shayi gaba muna kallon na Kano da fassarar Indiya. Kamara ɗaya gare ni, ta biyun aro muka yi, abin ɗaukar murya kuwa a jikin gora muka ɗaure shi da roba. Kwana 19 muka yi muna ɗauka, rabi a lungunan Birni wajen duwatsu, rabi a wani gida a Sabon Gari da mai shi ya ba mu aro. Ranar Alhamis ba mu aiki, don rabin 'yan wasan suna Kasuwar Dole. Sau biyu wuta ta ɗauke ina tsakiyar montaj, wato haɗa fim ɗin a kwamfuta, na koma farko. Jikka 340 na sefa suka tafi, fim ɗin kuma minti 55 ne.

Labarin wasu maza uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da irin tasa tsiyar wajen neman aure. Ƙaramin in ya ga budurwa sai in'ina ta kama shi. Na tsakiya biyu yake nema, ya tura wa ɗaya saƙon muryar ɗayar, suka haɗa kai suka bi shi da muciya har ya haye dogon yaro. Babban shi ne ya fi ban dariya. Ya sha babbar riga ta shadda ya je gaida surukai, ragon gidan ya tsinke igiya ya bi shi, ya yi karo da kurar mai ga-ruwa, jarkoki suka kife a kansa, hula ta faɗa kwata. Washegari aka maido mishi da kayan da ya kai, har goro, a bayan kabu-kabu. A fim ɗin Ango Jiƙaƙƙe ake ce mishi.

To wani cikinmu (har yau ba wanda ya amsa) ya yanki minti biyu na wurin ragon ya sa a WhatsApp, daga nan ya hau TikTok. Yanzu yara in sun zo wucewa ta shagon Yayana sai su yi kukan rago. Yaya ya daina amsa gaisuwata, ya raba kwano da mu. Inna ta ce ba ruwanta, amma na ganta tana share hawaye. Mun shirya nunawa bayan Salla, har mun fara maganar wuri. In fitar, in yanke wurin, ko in binne shi gaba ɗaya?

Mai Shayin Tasha:
Tsaya tukuna. Me ya haɗa yayanka da rago? Akwai abin da ka tsallake.

Autan Garin Malam:
Wani abu mai kama da haka ya taɓa samunsa shekara biyu da suka wuce. Amma ba daidai ba ne. Nasa tunkiya ce, kuma ruwan ma ba jarka ba ne, bokiti ne. Maido da kayan ne kawai ya zo ɗaya.

Tsohon Ɗan Samariya:
Ɗana, fitar da fim ɗinka, kada ka yanke ko daƙiƙa ɗaya. Na hau dandamali tun zamanin Shugaba Kountché, lokacin da kowace unguwa take da samariyarta, wato ƙungiyar matasanta, kuma ban taɓa ganin wasan da ya ba da dariya ba tare da wani ya ga kansa a ciki ba. A garin nan su Yazi Dogo suka yi tashe, wa suka bari? Ɗan kasuwa mai ha'inci, ma'aikaci mai kwaɗayi, alhaji mai auri-saki, duk sun sha. Mu ne fa masu wasan kara, inda yaro zai yi shigar shugaban ƙasa, wasu su bi shi da bindigogin kara, manyan gari na zaune suna dariya. Sai yayanka ne ya fi ƙarfin a kwaikwaye shi? Marigayi Ibro har ya rasu a 2014 faɗuwa da gudu da shan duka yake sayarwa, kuma har gobe ana kallo. Fushin kwana biyu ne. Ranar da fim ya kawo kuɗi shi zai fara cewa ƙanena ne ya yi.

Hajiyar Zango:
Duk kuna ta maganar yaya, ba wanda ya tuna da yarinyar da ta maido da kayan. In unguwa ta gane shi, ita ma an gane ta, an gane ubanta. Wataƙila tana ɗakin mijinta yanzu. Ka tambaye ta? Ku masu kamara haka kuke. Bikin 'yata wani ya ɗauke ni ina rawa cikin mata zalla, ban sani ba sai ƙanwar maigidana ta turo mini daga Agadas. Wata guda ban fita ko barka ba. Na je har shagonsa ya ce shi talla yake yi. Talla da jikina!

Autan Garin Malam:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma ni ban taɓa sa bidiyon biki a waje ba. Ita kuma yarinyar ba a nuna ta sosai, sau biyu ta fito, kuma mun sauya unguwar.

Ɗan Mirya:
Baba na samariya, da girmanka, amma misalinka bai hau ba. Wasa yana da masu shi. Taubashinka za ka tsokana ya rama, kakarka za ka ce mata matata, Bafillace da Babarbare su yi ta yi har gari ya waye, shi ya sa ma UNESCO ta sa wasan nan na ƙasarmu cikin kayan gadon duniya a 2014. Har matar wa ana wasa da ita. Amma wa? Wa ba abokin wasa ba ne, ko sunansa ba ka kira gatsal. A wasan kara kuma kujera ake kwaikwaya, ba ranar da mutum ya fi jin kunya a rayuwarsa ba. Auta, wa ya fito a matsayin babban?

Autan Garin Malam:
Ɗaya yayan nawa, na tsakiya. Shi ya fi iya tafiyarsa.

Mai Shayin Tasha:
Innalillahi. Rigar fa? Kada ka ce mini ita ma tasa ce.

Autan Garin Malam:
Ba ya sa ta tun lokacin, tana cikin akwati kawai. Da me za mu sayi shadda sabuwa mu jiƙa ta da ruwan kwata?

Tsohon Ɗan Samariya:
Wannan shi ake kira sanin aiki! Riga ta gaske, tafiya ta gaske. Ku bar yaro ya yi sana'a. Ku ne gobe za ku ce Damagaram ba ta fitar da komai, komai sai an ɗauko daga Kano.

Malam na Ƙofar Gida:
Ɗan uwa, buɗe Suratul Hujurat, aya ta 11 da ta 12. An hana izgili, an hana jifa da laƙabi, an kamanta giba da cin naman ɗan uwa matacce. Kai ga laƙabi ka ƙirƙira, yara sun ɗauka, kuma ɗan uwan na jini ne. Ka goge wurin, ka sami kawunku ko wani babba ya raka ka, ka durƙusa ka nemi gafara. Kada ka tura saƙo ta tarho.

Mai Kwamfuta:
Gogewa ba ta da amfani yanzu, abin da ya hau TikTok ya riga ya shiga wayoyi. Ni shawarata ka riƙe kayanka da kyau, kada ka ba kowa a kile (USB). Mu mun taɓa haɗa jikka 200 mu biyar muka kai wa wani mai montaj a Kano, aka rufe iyaka a 2023, daga nan lambarsa ta daina shiga. Sai ganin yankin fim ɗinmu muka yi da sunan wasu. Har yau abokaina ni suke zargi. Kai ma bincika cikin 'yan fadarku, wanda ya fitar da minti biyu zai fitar da 55.

Hajiyar Zango:
Jikka 340 a hannun mai ɗaukar biki? Ina ka samo?

Autan Garin Malam:
Mun yi karo-karo, na sa nawa na adashe. Jikka 100 kuma Yaya ne ya ranta mini, na ce mishi kayan aiki zan ƙara. Kuma ai ban yi ƙarya ba, fitila da batir na saya da su. Abin da ya sa nake son a nuna fim ɗin ke nan, in samu in biya shi. In na yanke wurin ragon da sauran labarin babban, saura minti 30 da ba su da gishiri, ba wanda zai biya dala ashirin ya kalla. Sannan akwai maganar da ban faɗa ba: yana neman wata yanzu, iyayenta sun fara bincike a unguwa.

Ɗan Mirya:
Wato da kuɗinsa, da rigarsa, da ƙanensa, a lokacin da ake bincikensa. Kai ko maƙiyi sai haka.

Tsohon Ɗan Samariya:
Surukan da za su fasa ba da 'ya saboda tunkiya ba surukai ba ne. Ɗana, ga dabara: ka ƙara fage ɗaya a ƙarshe, Ango Jiƙaƙƙe ya auri wadda ta fi ta farko kyau, a yi buɗar kai, 'yan uwan su zo suna neman rance wurinsa. Ka mai da shi gwarzo. Sannan ka sa sunan yayanka a farko a matsayin mai ɗaukar nauyi, tunda da kuɗinsa aka yi.

Malam na Ƙofar Gida:
A sa sunansa kuma? Subhanallah.

Autan Garin Malam:
Baba, wannan dabarar ta ƙarin fage ta shige ni, sai dai mai gidan Sabon Gari ya dawo daga tafiya, kuma wadda ta fito a budurwar an sa mata rana, gidansu sun hana ta. Malam, na ji, amma kawunmu shi ya fi kowa dariya da ya ga yankin, har ya sa aka maimaita mishi sau uku. Ban san wa zan ɗauka ba. Akwai wanda ya san gida mai zaure da za a ba mu aron yini ɗaya? Rago muna da shi.