Motata BMW E46 tana ɗaukar zafi, na rasa gano dalili

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina Gusau, ina da BMW E46 ƙirar 2002 mai silinda shida, da hannuna nake gyaranta duk Asabar.

A hanyar Funtuwa allurar zafi tana tsaye daram a tsakiya, amma da na shiga cunkoson cikin gari da rana sai ta haura. Na canza lagireto da famfon ruwa da tankin robar da ya tsage, na fitar da iska daga hanyar ruwan sau biyu. Ruwa ba ya raguwa, mai bai gauraya ba.

Bakanike ya ce in cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi), raina bai kwanta ba. Kulocin fanka ne (abin da ke sa fanka ta juya da ƙarfi idan inji ya yi zafi), ko gasket ɗin kan inji (shimfiɗar da ke hana ruwa da mai gauraya) ya fara lalacewa? Don Allah yaya zan tantance kafin in kwance injin?