Muhawara: Magadan Sarki James ne ke kan gadon Ingila, ko bare?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk inda na faɗe shi sai a ce neman suna nake yi. Sarki James, wanda ya haɗa sarautar Sikotland da ta Ingila a 1603, ya bar zuriya ta ɗa namiji, wato Charles na Farko, sannan jikokinsa Charles na Biyu da James na Biyu. A 1688 aka kori James na Biyu saboda ɗan Katolika ne, aka hana ɗansa gadon uba, a 1714 kuma aka ɗauko bare daga Hanover ta ƙasar Jamus aka naɗa. Wannan zalunci ne da majalisarsu ta lulluɓe da dokar 1701, wadda ta haramta wa 'yan Katolika hawa gadon sarauta, kuma ina son wanda zai ƙaryata ni da hujja.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, da girmanka bai kamata ka ce bare ba. George na Farko, wanda aka ɗauko daga Hanover ɗin, ɗan Sophia ne, Sophia 'yar Elizabeth ce, Elizabeth kuwa 'yar Sarki James ce ta cikinsa, wadda aka aurar wa Frederick, wani basaraken Jamus, a 1613. Ke nan George tattaɓa-kunnen James ne, kuma daga tsatsonsa Sarki Charles na Uku ya fito.

Baban Khalifa: Malam, ai ka taya ni da bakinka. Ka ƙirga mata biyu kafin ka kai ga James. A ina ɗan mace yake tsallake 'ya'yan maza ya hau gado?

Maman Ummi: Yaya, wannan maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Idan ɗan mace bare ne, to James ɗin da kake kāre wa shi ne babban bare. Sarautar Sikotland daga mahaifiyarsa Mary ya same ta a 1567 yana jariri, ta Ingila kuma ta hanyar Margaret, kakar Mary kuma 'yar Sarkin Ingila Henry na Bakwai, wadda aka aurar wa Sarkin Sikotland James na Huɗu a 1503. Ko mahaifinsa Darnley jikan Margaret ne ta wajen uwa. Duk ta inda ka bi, mace ce ta kai shi gadon nan, amma idan an zo lissafin jini sai ku share mu kamar ba mu muka yi naƙudar ba.

Ɗan Zazzau: Hajiya, a yi haƙuri, bare ba maganar jini ba ce, maganar zama ce. An haifi George a Hanover a 1660, ya haura shekara hamsin kafin a naɗa shi, Turancinsa bai nuna ba, ya rasu a 1727 a kan hanyar komawa Hanover, kuma can aka binne shi. Wanda zuciyarsa take wani gari baƙo ne ko da kakansa ne ya kafa wannan.

Malamin Tarihi: Yanzu ka ce baƙo, ɗazu an ce bare, kuma ba ɗaya ba ne. Baƙo yana iya zama ɗan dangi. In kuwa zama ne ma'auni, James da ya tafi Landan a 1603 sau ɗaya tak ya sake taka Sikotland, a 1617. Za ka ce ya zama bare a ƙasar haihuwarsa?

Abban Sadiq: Ni a Sikotland na yi karatu, kuma ba zan yi shiru ana ɗora wa James laifi ba. Ingilawa ne suka fille kan mahaifiyarsa a 1587 da sa hannun Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Farko, su ne suka fille kan ɗansa a 1649. Su za a tuhuma.

Ɗan Zazzau: Zamanka a can ba hujja ba ne, ɗan uwa. Ni ma na ji ana cewa James ba ɗan Darnley ba ne, ɗan Rizzio ne, sakataren Mary da aka kashe a 1566 tana da cikinsa.

Maman Ummi: Subhanallahi! Wannan ƙazafi ne ga matar aure, kuma maƙiyanta ne suka yaɗa shi. Ina shaidarka? Mutuwarta ba ta halatta maka mutuncinta ba, ko da ba addininku ɗaya ba.

Ɗan Zazzau: Cewa na yi na ji, ban ce na gani ba, kuma ba na son a riƙa yi mini wa'azi a gaban jama'a.

Abban Sadiq: Wanda ya yaɗa abin da ya ji ya yi tarayya da wanda ya ƙirƙira. Ka janye kawai.

Malamin Tarihi: Jama'a, har yanzu ba wanda ya ce komai a kan dokar 1701, wadda ita ce asalin zancen.

Baban Khalifa: Tunda ni na buɗe, bari in rufe. Abin da ya fito fili shi ne kowa ya yarda daga Jamus aka ɗauko George, Malam da kansa ya tabbatar ta mace ya biyo, Ɗan Zazzau kuma ya nuna ko kabarinsa ba a Ingila yake ba. 'Ya'yan gidan na asali sun nemi haƙƙinsu a 1715 da 1745, aka murƙushe su a yaƙin Culloden a Sikotland a 1746, na ƙarshensu Henry, jikan James na Biyu, ya rasu a ƙasar Italiya a 1807 bai hau gadon kakansa ba. Maganar Hajiya ta Margaret wani babi ne daban da bai taɓa batuna ba. Saboda haka kalmar bare tana nan daram, kuma ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe ta.