Wane suna za mu raɗa wa madubin da ake ɗaurawa can gaban bindiga?

1/ Jama'ar Damagaram, masu Hausar baka da masu ta alƙalami, ku matso kusa. Daren jiya a fadarmu ta Birni har shayi na uku ya huce ba wanda ya kula, muna ta ja-in-ja a kan kalma guda.

2/ Ƙanena da ke karatu a Faransa ne ya turo hoton wata bindigar farauta. Madubinta ba ya inda aka saba gani, dab da idon maharbi. An kai shi can gaba, bisa hancin bindigar, ya wuce wurin da ake ɗura harsashi. Da Ingilishi scout scope ake ce masa, scout kuwa shi ne mai shiga gaba ya leƙo hanya, Faransawa kuwa madubin bindiga kowane iri lunette suke kira. Na miƙa wa kawuna wayar, tsohon maharbi ne da ya san dajin Tanut kamar tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, da Hausa fa?" Na buɗe baki, na rasa abin faɗi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don garin da aka ƙera igwa tun zamanin Sarki Tanimu bai kamata ya rasa sunan wani yanki na bindiga ba.

3/ Kafin suna sai an san jariri. Wani tsohon sojan Amurka, Jeff Cooper, shi ya yayata wannan tsari a farkon shekarun 1980. Bindigar da yake so gajera ce, kada ta wuce mita guda, nauyinta wajen kilo 3, madubinta a gaba. Kamfanin Steyr na Ostiriya ya ƙera irinta a ƙarshen shekarun 1990, Ruger ya fito da tasa a 2011. Amma dabarar ta girme shi: tun 1941 Jamusawa sun ɗaura wani ƙaramin madubi, ZF41, a gaban bindigoginsu.

4/ Madubin da aka saba, idonka na nesa da shi da santimita 8 zuwa 10 kawai. Wannan kuwa santimita 25 zuwa 30, taƙi guda da 'yan yatsu. Kuma ba ya jawo abu sosai, ninki 2 ne zuwa 3. Da gangan aka yi haka, don ka yi saiti idanunka biyu a buɗe, ɗaya na cikin madubi, ɗaya na lura da daji, ko akwai makiyayi da bisashensa a bayan abin da kake auna.

5/ Shi ya sa na ƙi "madubin hangen nesa", sunan da mutum uku suka fara kawowa. Alkawari ne da madubin ba zai cika ba. Wanda ya ji sunan ya zuba kuɗinsa yana tsammanin zai ƙirga gashin zomo daga nisan zango, zai ce an cuce shi. Kuma mun riga mun ba abin hange mai ido biyu wannan sunan.

6/ Wani malamin lakkal ya ce a bi kalmar Turawan, a ce "madubin leƙen asiri". Malam, da girmanka, a'a. A halin tsaron da ƙasa ke ciki, maharbi mai takardar izini daga ma'aikatan gandun daji ya faɗi wannan a shingen bincike, ya jawo wa kansa kwanan da bai shirya ba.

7/ "Madubin gaba" ma an kawo. Direbobi sun rigaye mu.

8/ Nan ne kawu ya ɗage rawaninsa, ya nuna mana tabo a girarsa ta dama, siriri kamar jinjirin wata. Ya ce shekarun baya ya ari bindigar wani baƙo mai madubi irin na kusa, ya manna ido kamar mai leƙen rijiya, ya ja kunama. Bindiga ta tokaro baya, bakin madubi ya sare shi, jini ya rufe masa ido. Ya ce, "In da wannan na gaba ne, da na tsira da girata. Ku ce masa tsira-da-gira." Fada ta kaure. Kuma kada ku raina, haka Hausa ke raɗa suna: harbi-ruga, fasa-ƙwauri, a-ci-bal-bal. Ina son sa har raina. Sai dai ya faɗi amfani guda ne, bai faɗi mazaunin abin ba.

9/ Ga inda na tsaya. Madubin bindiga kowane iri, mu ce madubin saiti. Wannan na gaba, mu ce masa ja-gaba. Ja-gaba shi ne mai shiga gaban ayari ya duba hanya, kamar yadda ake yi wa azalai, ayarin raƙuman gishiri, in an nufi Bilma. Ya ɗauki ma'anar kalmar Turawan ba tare da ƙurarta ba, kuma ya faɗi inda madubin yake zaune. Nisan da ke tsakaninsa da ido kuwa, tazarar ido.

10/ Na gwada su a baki, sun zauna. "In za ka sayi ja-gaba, ka fara auna tazarar ido: ka rufe idanu, ka ɗora bindiga a kafaɗa yadda ka saba, ka buɗe. In ka ga da'ira cikakkiya, naka ne. In ka ga baƙi ya zagaye gefe sai ka miƙa wuya, bar musu kayansu. Kada ya wuce ninki 3. Ka sani in rana na bayanka da hantsi ko la'asar sakaliya, haskenta na faɗawa kan gilashin ya dushe maka gani, kuma da almuru na kusa ya fi shi. Ka nemi mai murfi saboda ƙurar hunturu." Babu inda harshe ya yi tuntuɓe.

11/ Maharban Mirya, Gure da Magarya, in kuna da sunan da kuka riga kuka sa masa, ku kawo, naku ne gaba da nawa. Kawu dai da zai tashi ya sake karɓar wayar, ya matso da ita kusa da fitila, ya ce, "To, tambayo mana ƙanen naka, nawa suke sayar da ja-gaban nan?"