Zan raka Hajiya Chennai: wane abinci marar nama za mu nema?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. A wata mai zuwa, in Allah ya yarda, zan raka mahaifiyata birnin Chennai na ƙasar Indiya domin aikin gwiwa, kuma za mu yi kusan mako shida. Hajiya ta ce ba za ta ci naman da ba ta san wanda ya yanka shi ba, saboda haka muka yanke shawarar haƙura da nama har mu dawo Legas. Abin da ke damuna shi ne, mace ce da ta saba da tuwo da waina, kuma ina tsoron kada ta ƙi cin abinci a lokacin da jikinta ya fi bukata. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa su ba ni shawara, har da kayan zaƙi da suka dace da tsaraba.

Maman Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ɗana, ka kwantar da hankalinka, domin mutanen Tamil Nadu, jihar da Chennai yake ciki, da ƙullun shinkafa suke karyawa kamar mu. Suna jiƙa shinkafa da wani ƙaramin wake da suke kira urad, su markaɗa, su bar ƙullun ya kwana ya tashi. Idan aka turara shi kamar alkubus, sunansa idli, fari ne mai laushi, babu maiƙo, kuma shi na fi ba wa maigidana lokacin da muka yi jinya a can. Idan aka shimfiɗa ƙullun a kasko ya zama dosa, ɗan'uwan sinasir, sai dai ya fi shi sirantaka. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne paniyaram, domin na tsaya na ga mace tana zuba ƙullu a tanda mai gurabe, tana juyawa da tsinke, har na ji kamar ina gaban mai waina a Agege. Miyar da ake haɗawa da su ita ce sambar, ta wake da tsamiya, kuma sau da yawa za ka tarar da 'ya'yan zogale a ciki, waɗanda mu muke bari su bushe a bishiya.

Alhajin Mile 12:
Maman Idi-Araba ta yi bayani, amma akwai yaji, kuma yajin nasu ba wasa ba ne ga marar lafiya. Ka riƙa neman pongal da safe, wato shinkafa da wake da aka dafa suka yi luguf da man shanu da masoro, da rana kuma shinkafa da kindirmo. A kanti ka duba jikin kwali: ɗigo kore a cikin murabba'i kore yana nufin babu nama, babu kifi, babu ƙwai. Idan marmarin nama ya taso, unguwar Triplicane ta Musulmi ce da yawa, a nan ne babban masallacin Wallajah da aka gina a 1795 yake.

Maman Idi-Araba:
Na manta da tsaraba. Ka sayi Mysore pak, wanda ake yi da garin wake da sukari da man shanu, da kuma adhirasam na garin shinkafa da mazarƙwaila, domin dukansu suna jure tafiya. Payasam kuwa kamar kunun madara yake, a can za ku sha shi. Amma idan Hajiya tana da ciwon sukari, kada ta taɓa ko ɗaya sai likita ya amince.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ba ta da ciwon sukari, alhamdu lillahi. Ranar Asabar zan je Ilupeju, inda Indiyawa suke da yawa, in nemo mata idli da sambar ta ɗanɗana tun kafin mu tashi.