Shingen dajin Maui: daji ake karewa ko ruwan kamfani?

Injiniya: Ni dai ban sauya ra'ayi ba. Haɗin gwiwar nan na kare dazukan gabashin tsibirin Maui a jihar Hawai ta Amurka, wanda ake ta yabo, an ba kura ajiyar nama ne. A 1991 aka kafa shi, kuma cikin waɗanda suka shiga har da East Maui Irrigation, kamfanin da magudanansa suka riƙa janye ruwan rafukan yankin zuwa gonakin rake tun wajajen 1878. Wanda ya busar wa manoman gwaza da rafi, yau shi ne mai kishin daji?

Malama: Yaya, bar batun kishi, dubi ƙasar. Gangaren dutsen Haleakala ba na mutum ɗaya ba ne: wani yanki na gwamnatin jiha, wani na gandun tarayya, wani na kamfanin kiwon shanu Haleakala Ranch, wani na kamfanin ruwan. Alade kuwa bai san iyaka ba. In jiha ta ja waya a nata kaɗai, ta gefen maƙwabci zai ɓullo.

Ɗan auta: Afuwan Anti, me ya haɗa alade da ruwan sha?

Malama: Can sama, gansakuka ce ta lulluɓe bishiyoyin ohiya, tana kama hazon gajimare tana tsiyayar da shi a hankali cikin ƙasa. Aladun da suka koma daji sai su tone gindin da hanci, ruwan sama ya kwashe ƙasar jajir zuwa teku. Ramin da suka bari ya tara ruwa, sauro ya hayayyafa, ya kai wa tsuntsayen tsibirin zazzaɓin da ke hallaka su. Wayar nan kuma wani wurin sai da jirgi mai saukar ungulu ake kai ta. Wa zai ɗauki wannan kuɗin shi kaɗai?

Baba Alhaji: Ku duka kuna da gaskiya, amma abin ya girme ku. Ko dokar gandun daji ta 1903, masu rake na cikin waɗanda suka matsa aka yi ta, da suka ga shanu da awaki sun cinye daji ruwa na ja baya. Don aljihunsu suka yi, dajin kuma ya tsira.

Injiniya: Allah ya ƙara girma Baba, to ruwan da dajin ya tara fa, wa ya sha? A 2001 manoman gwaza 'yan asalin Hawai suka kai koke kan rafuka 27. Sai 2018 hukumar ruwa ta jiha ta ce a maido da rafuka 10 gaba ɗaya. Shekara 17! Kuma noman rake ya riga ya mutu tun 2016. Haɗin gwiwar bai maido musu ko ɗigo ba.

Malama: Ai ba don rabon ruwa aka kafa shi ba, aikin hukuma da kotu ne wannan.

Injiniya: Abin da nake faɗa ke nan. An raba maganar gida biyu: wajen shinge kowa aboki ne, wajen rabo kowa ya ɗauki lauya. A ƙarshen 2018 ma kamfanin noma Mahi Pono, mai kuɗin 'yan fanshon Kanada a ciki, ya sayi eka 41,000 na tsoffin gonakin raken haɗe da rabin kamfanin magudanan.

Hajiya: Kun manta maharba. Akwai gidajen da naman farauta na cikin abincinsu, su kuma wayar nan hana su daji take yi a ganinsu. Injiniya, kai da kake zafi, a cire shingen kake so?

Injiniya: A'a Hajiya, shinge ya tsaya. Manomin gwaza da maharbi nake so a ba kujera daidai da ta kamfani.

Malama: To ka ga mun matso. Sauran mu ji wa zai biya kuɗin jirgin in kamfanin ya yi fushi ya tashi.