Ɗinkin hannu a kan atamfa: ta ina za mu gyara, kuma yaya za mu riƙe zaman?

Malamar Firamare, Kano

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe da allura da zare a kan wani abu da muka soma ni da maƙwabtana huɗu. Kusan wata biyu ke nan muna haɗuwa a tsakar gidana kowace Asabar bayan sallar la'asar, mu shimfiɗa tabarma, kowacce da ƙyallen atamfa a cinyarta, muna bin furanni da ganyayen da ke jikin atamfar da zare mai launi har zuwa lokacin da aka kusa kiran magariba. Asalin abin shi ne buhun ƙyallaye da ya taru mini cikin shekaru, domin duk turmin da na kai ɗinki nakan roƙi tela ya dawo mini da ragowar, ga kuma wasu zannuwan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, waɗanda suka tsufa da ɗaurawa amma zuciyata ba ta yarda in rabu da su ba.

Abin da ya dame mu shi ne yadin yana tattarewa a gefen ɗinkin, ko an yi guga ba ya miƙewa, sannan idan muka gama fure guda muka ɗaga shi daga nesa, sai zaren ya ɓace a cikin zanen kamar ba a yi komai ba. Wata rigar filo da na yi mako uku ina yi kuwa, wankin farko jan zaren ya zuba ya ɓata farin da ke kusa da shi.

Akwai kuma wata magana da ta fi waɗannan tsaya mini a rai. Ɗaya daga cikinmu, wadda hannunta ya fi na kowa kyau, ta kawo shawarar mu riƙa ɗora hotunan aikin a WhatsApp muna karɓar aikin Sallah. Ban ƙi neman halali ba, amma ina tsoron ranar da kuɗin wani ya shiga hannunmu, hirar da natsuwar da muke samu za su tafi. Don Allah a ba mu shawara a kan duka biyun.

Hajiya, birnin Zazzau

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa albarka a wannan zama naku. Na tashi a gidan da maza ke aikin babbar riga, mata kuma ke ɗinkin hula, kuma da idona na ga lokacin da mata a cikin birnin nan suka soma karɓar aikin rigar kanta suna yi a ɗakunansu, abin da a zamanin kakanninmu na maza ne. Saboda haka zan faɗa miki abin da na gani a gida, ki auna shi da naku.

A aikin babbar riga, mai zane daban ne, mai ɗinki daban. Mai zane zai ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da zanen da ake kira aska biyu ko aska takwas a gaban riga, ya zana tambari, sannan a miƙa wa mai allura ya bi layin, wani lokaci watanni yana bi kafin ya kai ƙarshe. Yadin rigar fili ne, babu komai a jikinsa, don haka duk abin da ido zai gani zare ne ya kawo shi, shi ya sa ake cika wurin taf. Atamfa ba haka take ba. Ita mai zanenta ya riga ya gama aikinsa tun daga masaƙa, ya zuba launi uku ko huɗu, bai bar fili ba. Idan kika zo kika cike fure da zare mai launin furen, kin maimaita abin da aka riga aka faɗa, dole ya ɓace. Ina kyautata zaton wannan ne ya same ku.

Abin da nake yi shi ne in shimfiɗa ƙyallen a ƙasa, in ja da baya taku uku, in duba wane launi ne ya fi ƙaranci a cikinsa. Sau da yawa za ki tarar da ɗan rawaya ko ɗan fari da aka ɗiga nan da can. To, wannan launin nake saya, in bi gefen fure ɗaya da shi, da ɗinkin nan mai kama da sarƙa, in bar cikin furen yadda masaƙa ta yi shi, sai dai ƙila in sa 'yan ƙulle-ƙulle a tsakiya. Fure ɗaya cikin biyar ya isa. Sauran huɗun da kika bari su ne za su sa a ga wanda kika taɓa, kuma mai kallo zai kai hannu ya shafa don ya tabbatar ko zane ne ko ɗinki, wanda a wurina nan ne daɗin abin yake.

Game da tattarewa, hannu ne ke jan zare da ƙarfi, kuma kowace sabuwar hannu tana yin haka saboda tana tsoron kada ɗinkin ya saki. Zare kwanciya ake so ya yi a kan yadi. Ku nemi ƙawanyar katakon nan mai zagaye biyu da ake ɗaure yadi a ciki, ƙarama, wadda tafin hannu zai riƙe ba gajiya, ku ja yadin ya yi tsam kamar fatar ganga, kuma ku kwance ta duk ranar da kuka tashi don kada ta bar shaida. Mu a gida a kan gwiwa aka koya mana, amma yadin riga yana da kauri, atamfar da ta sha wanki kuwa laushi gare ta. Kada tsawon zaren ya wuce kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, domin dogon zare yana ƙullewa kuma yana gajiya da shiga da fita har ya yi gashi.

Zannuwan mahaifiyarki ki ajiye su tukuna. Ki bari sai hannunki ya zauna a kan ƙyallayen tela, domin tsohon yadi ba ya jure a ɗinka a warware.

Tsohon Tela, Kaduna

Malama, Hajiya ta gama magana a kan zane, ni kuma zan ƙara a kan yadi da zare, tun da a cikinsu na tsufa. Na fara sana'a lokacin da masaƙun unguwar Kakuri a nan Kaduna ke aiki dare da rana, KTL da aka buɗe a 1957 da UNTL da ta biyo baya, kuma idan zannuwan mahaifiyarki na wancan zamani ne, mai yiwuwa auduga ce zalla, irin wadda allura ke ratsawa ba gardama.

Atamfar kasuwa ta yau iri-iri ce, kuma ba kowacce ke karɓar ɗinkin hannu ba. Ki juya bayanta ki duba. Wadda aka yi da kakin gaske, irin ta kamfanin Vlisco da ke garin Helmond a ƙasar Holan tun 1846, launinta ya ratsa gaba da baya kusan daidai, domin dabarar daga rinin batik na tsibirin Java aka samo ta, inda ake toshe wani sashe da kaki a tsoma yadin a rini. Wadda aka buga wa launi a fuska ɗaya kuwa bayanta fari-fari ne, kuma wata an haɗa ta da roba, wata an shafe ta da ƙyalƙyali. Mai ƙyalƙyalin nan ku guje ta, domin duk inda allura ta huda ramin ba ya rufewa. Kowace iri ce, a jiƙa ta a wanke kafin a sa mata zare, saboda sabuwar atamfa cike take da sitaci, kuma auduga tana ɗan shiga a wankin farko. Idan aka yi ɗinki kafin wanki, yadin zai shiga ya bar zaren, kuma wannan ma yana cikin abin da ke kawo tattarewar da kika ambata.

Zaren da ya zuba miki ba laifin hannunki ba ne. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi zuba idan rinin bai kama ba. Kafin ki yi aiki da kowane zare, ki yanki ɗan guntu ki jiƙa, ki matse shi a cikin farin ƙyalle, idan ya bar launi ki ajiye shi. Zaren kamfanoni irin su DMC da Anchor silli shida ne a murɗe, ana raba su, kuma a kan atamfa silli biyu sun wadatar, da allura lamba 7 ko 8. Guga kuma ta baya ake yi, a kifa aikin a kan tawul don kada ɗinkin ya kwanta.

A wuri ɗaya na ɗan saɓa da Hajiya, tare da girmamawa. Ni ina ganin babu laifi a cike ganye guda ɗaya taf da zare idan launin ya bambanta da na ƙasa sosai, musamman a kan abin da ba a yawan wankewa, kamar jakar Alƙur'ani ko abin rataye a bango. Batun karɓar aiki kuwa, na san abin da daren Sallah yake a shagon tela, kuma ba zan so wa masu neman hutu irinsa ba.

Uwar Gida, Maraɗi

Yaya, ni a kan zaman zan yi magana, domin mun yi irinsa a unguwarmu shekara huɗu, mu bakwai, kuma abin da kike tsoro ya taɓa samunmu. Wata shekara muka karɓi aikin kallabi na ƙawayen amarya, guda ashirin, da wa'adin mako uku. Mun gama, an biya mu, amma a cikin makonnin nan babu wadda ta tambayi wata lafiyar 'ya'yanta, sai ƙirga abin da ya rage, kuma wata dattijuwa a cikinmu da idonta ya soma rauni ta daina zuwa, saboda ta ga ana warware nata ɗinkin a ɓoye ana sakewa don ya yi daidai da na saura. Sai da muka je har gida sau biyu kafin ta dawo, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Bayan haka muka yi magana a fili, muka tsayar cewa wadda ke son sana'a ta karɓi aikinta da sunanta, ta yi a gidanta, mu kuma za mu taya ta talla da addu'a, amma ranar zama kowa abin kanta take kawowa, kuma ba a tambayar kowa yaushe za ta gama. Biyu daga cikinmu yanzu suna samun kuɗi da shi sosai, kuma suna zuwa zaman da wani ƙyalle daban wanda ba na kowa ba ne. Muna tara ɗan kuɗi kaɗan duk wata a sayi zare a zuba a kwano ɗaya, gida kuma juyawa yake yi, don kada nauyin shayi da tabarma ya zauna a kan mutum ɗaya. 'Yan matanmu ma sun soma zama a gefe suna zura mana zare a allura, wata 'yar shekara tara har ta gama bakin ɗankwalinta da kanta.

Ki yi wa maƙwabciyarki magana ke da ita kafin ranar Asabar, kada ta ji a gaban mutane kamar an ƙi shawararta, domin mai yiwuwa buƙata ce ta sa ta kawo maganar.

Malamar Firamare, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, jiya da hantsi na shimfiɗa ƙyallayen na ja da baya kamar yadda kika ce, sai na ga wani ɗan ruwan goro a cikin wata koriyar atamfa da na yi shekaru ina ɗaurawa ban taɓa lura da shi ba, kuma shi zan nema idan na shiga Kantin Kwari. Baba, na gwada sauran zaren da ke hannuna a farin ƙyalle, uku sun zuba, na ware su, ƙyallayen kuma duk na wanke suna kan igiya.

Na kuma shiga wurin maƙwabciyata da daddare, kuma gaskiyar 'yar uwata ta Maraɗi ce, kuɗin makarantar yara ne ya taso mata. Mun rabu a kan za ta karɓi aikinta ita kaɗai, ni zan nuna wa malaman makarantarmu hotunan, Asabar kuma tana nan yadda take. Tambaya ɗaya ta rage mini, Hajiya: idan lokacin taɓa zanen mahaifiyata ya yi, shin in sa masa wani yadi a baya don ya ƙara ƙarfi, ko in ɗinka shi haka nan?