Wane suna za mu ba "weak reference" da Hausa?

1/ 'Yan'uwa masu rubuta manhaja, ku zo mu yanke wannan magana. Jiya a ajin JavaScript, harshen rubuta manhaja, mun iso kan WeakSet, wani nau'in tarin abubuwa, wata ɗaliba ta ce, "Malam, mene ne weak reference da Hausa?" Na ce "rarraunan riƙo". Har na koma gida kalmar ba ta kwanta mini ba.

2/ Idan ka zuba abu cikin Set, wato tarin abubuwa na yau da kullum, ka ɗaure shi a turke ke nan. Mai kwashe shara, wanda ke share abin da aka gama amfani da shi a ma'adanar kwamfuta, ba zai taɓa shi ba muddin Set ɗin na nan, ko da kowa ya manta da shi. Ta haka ma'adana ke cika a hankali har manhaja ta yi nauyi. WeakSet kuwa, da ya shigo JavaScript a 2015, yana riƙe abu amma ba ya hana a kwashe shi. Da zarar mai riƙon gaske na ƙarshe ya saki, mai kwashe shara na iya kwashe abin.

3/ Ka ga ba rauni a nan. Rauni aibi ne, wannan kuwa da gangan aka yi.

4/ Wani abokin aikina ya kawo "riƙon sakainar kashi". Ta yi daɗi a kunne, amma ma'anarta sakaci da wulaƙanci, ɗalibi zai ɗauka kuskure ne da ake gudu.

5/ "Sanin shanu" ta daɗe tana jan hankalina. WeakSet na JavaScript abu uku kawai yake yi: add (zubawa), has (dubawa ko yana ciki), delete (cirewa). Ba ka iya ƙirga abin da ke ciki, ba ka iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ka nuna masa abu ka ce "ka san wannan?" Amma WeakSet na harshen Python ana ƙirga shi, ana bin sa. Kenan kalmar ta kama halin JavaScript ne kaɗai, ta bar asalin riƙon.

6/ Inda na tsaya: "riƙon sako-sako". Kishiyarsa, strong reference, "riƙon gam". WeakSet kuma "tarin sako-sako".

7/ Na gwada a jimla: "Kada ka yi wa maɓallan shafi riƙon gam, zuba su a tarin sako-sako, in an cire su daga shafin su tafi." Ta zauna a baki. 'Yan Java masu WeakHashMap, mai irin wannan riƙon, ku gwada ta a wajenku ku faɗa mini ko ta ɗauka.